Bugun zafi a bazara: yadda ake gane shi, da dalilin da ya sa ake sanyaya jiki tun kafin a kai asibiti

Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Yola, Yamai da Tawa kan kwana su tashi cikin zafin da ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A wannan lokacin ne hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitar da gargaɗi, gidajen rediyo su maimaita, kowa ya ji an ce a yawaita shan ruwa a guji rana. Shawarar daidai take, sai dai ta tsaya ga rigakafi. Ba ta faɗa wa mutum abin da zai yi ba idan maƙwabcinsa ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwa, jikinsa ya yi rau, yana sambatu.

Abin da ya faru a Mali a 2024 ya nuna girman lamarin. Ranar 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗaya 130 ya ƙirga. Kusan rabin mamatan sun haura shekara 60. Watanni biyu bayan haka, a Hajjin shekarar, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, a kwanakin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka.

Yadda jiki ke fitar da zafi

Jikin mutum yana aiki ne a kusan digiri 37, ko ana hunturu ko ana bazara. Idan zafi ya ƙaru, jiki na da dabaru biyu. Ta farko, zuciya ta ƙara turo jini zuwa fata domin zafin ciki ya fita ta nan. Ta biyu ita ce zufa. Fitowar zufar kaɗai ba ta sanyaya komai. Sai ta bushe a kan fata sannan take tafiya da zafi. Haka randa ke sanyaya ruwa: tana tsatsafo da ɗan danshi ta jikinta, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. A kan wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina dabarar nan ta tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000.

Dabarar farko tana daina aiki da zarar iskar waje ta fi fata zafi, wato daga kusan digiri 35 zuwa sama. Daga nan jiki sai ya riƙa kwasar zafi daga iska maimakon ya zubar. Saura zufa ke nan. Ita kuma tana buƙatar ruwa a jiki, tana kuma buƙatar iskar da za ta iya busar da ita. Lebura da ke kwaɓa siminti da rana tsaka na iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, wani lokaci fiye. In bai mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta shiga tsaka mai wuya: ga fata na neman jini don sanyaya, ga tsoka da ƙwaƙwalwa su ma suna nema.

Shi ya sa ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, ya fi wahalar da mutane ko da ma'auni bai nuna ƙarin zafi ba. Iskar ta ɗauki danshi, zufa na zuba amma ba ta bushewa.

Galabaita da bugun zafi: ina iyakarsu?

Likitoci sun kasa illar zafi mataki-mataki. Akwai ƙananan: ƙurajen zafi, ɗaurewar jijiya a ƙafa ko ciki, da ɗan gajeren suma ga wanda ya daɗe tsaye a rana, wanda yakan farfaɗo da an kwantar da shi a inuwa.

Sai galabaita. Mutum zai yi sharkaf da zufa, kansa na sarawa, jiri na ɗibarsa, zuciyarsa na tashi, ƙila ya yi amai, gaɓoɓinsa duk sun mutu. Amma in ka tambaye shi sunansa da inda yake, zai amsa daidai. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa yana kurɓa a hankali. In aka yi kamar rabin awa bai ji sauƙi ba, ko amai ya hana ruwa zama, sai asibiti.

Bugun zafi kuwa shi ne lokacin da zafin cikin jiki ya haura digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ta taɓu. Alamar ƙwaƙwalwar ita ce ma'aunin da kowa zai iya amfani da shi ba tare da na'ura ba. Mutum ya fara magana ba kan gado, ko harshensa ya karye, ko ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ko mai sanyin hali ya hau faɗa da zage-zage ba dalili, ko ya kama jijjiga, ko ya sume bai farfaɗo ba. A wannan matakin zafi na lalata ƙwayoyin jiki kai tsaye. Hanta, ƙoda da tsoka na iya lalacewa, jini na iya daina daskarewa yadda ya kamata. Girman ɓarnar ya danganta da tsawon mintunan da jiki ya yi a cikin wannan zafin.

Iri biyu ne. Akwai wanda ke kama mai rauni yana zaune a ɗaki, a hankali cikin kwana biyu ko uku na tsananin zafi: tsoho, jariri, mai ciwon zuciya. Fatarsa takan bushe ta yi zafi. Akwai kuma wanda ke kama ƙaƙƙarfan matashi yana tsaka da aiki ko gudu, cikin awa guda ko biyu: soja a atisaye, ɗan ƙwallo, mai haƙar rijiya, ɗan dako. Shi wannan sau da yawa yana nan jiƙe da zufa. An daɗe ana koya wa mutane cewa mai bugun zafi ba ya zufa, kuma wannan koyarwar ta sa ana sakaci da nau'i na biyu. Haka nan ba sai rana ta doki mutum ba. Mai aiki a gidan burodi, ko matar da ke tuya a rufaffen kicin mai rufin kwano, na iya kamuwa ba su leƙa waje ba.

Abin da ake rikita shi da shi

A ƙasar Hausa, jiki ya yi zafi sunansa zazzaɓi, zazzaɓi kuma maleriya ce har sai an tabbatar da akasin haka. Don haka matakin farko a gidaje da yawa shi ne a aika yaro kemis ya karɓo farasitamol da maganin maleriya, a jira a ga abin da hali zai yi.

Nan akwai bambancin da ya kamata a fahimta. A zazzaɓi, ƙwaƙwalwa ce da kanta ta ɗaga ma'aunin zafin jiki don yaƙar ƙwayar cuta, farasitamol kuma yana sauko da wannan ma'aunin. A bugun zafi ma'aunin na nan inda yake, jikin ne ya kasa fitar da zafin da ya taru. Farasitamol ba shi da abin da zai gyara, kuma yana iya ƙara wa hanta nauyi a lokacin da take cikin haɗari. Asfirin da ibufurofen su ma ba sa taimakawa, suna iya cutar da ƙoda ko su ƙara zubar jini.

Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne watannin zafin su ne kuma watannin sanƙarau a yankinmu. Sanƙarau ma na zuwa da zafin jiki, ciwon kai da ruɗewa, sau da yawa da sandarewar wuya. Maleriyar da ta hau kai ita ma haka, musamman ga yara. Ba wanda zai iya rabe waɗannan uku da ido a tsakar gida, ko likita sai ya yi gwaji. Abin da ke sauƙaƙa hukunci shi ne sanyaya jiki da ruwa ba ya hana maganin sanƙarau ko na maleriya aiki daga baya, amma jinkirin sanyayawa na iya kashe mai bugun zafi. Saboda haka duk wanda ya ruɗe jikinsa da zafi a ranar tsananin zafi, a fara sanyaya shi, kuma a kai shi asibiti ko da ya dawo hayyacinsa.

Akwai fassara ta uku da ba a cika faɗa a fili ba. Budurwa ta faɗi a filin makaranta tana fisge-fisge da surutai, sai a ce iska ce, a kewaye ta ana tofi. Addu'a ba ta hana a ɗauke ta daga rana a zuba mata ruwa a lokaci guda, kuma cincirindon da ke kanta yana tare mata iskar da take buƙata.

Rabin awa na farko

Ƙa'idar da likitocin wasanni da na soja suka tsaya a kai ita ce a sauko da zafin jiki ƙasa da digiri 39 cikin minti 30 da faɗuwar mutum. A sanyaya tukuna, sannan a ɗauka. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa neman mota a ƙauye ko ya maƙale a cunkoson Kano da azahar: tafiyar kaɗai na iya cinye rabin awar.

Hanya mafi sauri ita ce a tsoma mutum cikin ruwan sanyi har wuya, wani na riƙe da kansa. Ba kowa ke da bahon wanka ba, amma akwai madadi. A shimfiɗa tamfol ko babbar leda, a kwantar da shi a kai, mutum huɗu su ɗaga gefuna, a tuttula ruwa da duk ƙanƙarar da aka samu, a riƙa girgiza tamfol ɗin don ruwan ya yi ta zagaya jiki. In ba hali, a cire masa kaya masu nauyi, a yi ta kwarara masa ruwan randa ko na rijiya daga kai har ƙafa, wasu na yi masa fifita da faifai ko kwali ba tsayawa. Ga mace, a jiƙa zane mara nauyi a lulluɓa mata, a riƙa sake jiƙa shi kowane 'yan mintuna, domin in ya ɗumame sai ya koma bargo. Ƙanƙara a hammata, wuya da matsematsi na ƙarawa, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Ko ledojin fiya wata masu sanyi daga shagon kusa suna da amfani, a farfasa su a jiki.

Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, don zai iya sarƙewa ruwan ya shige huhu. In ya sume, a kwantar da shi ta gefe saboda amai. In yana jijjiga, kada a cusa masa cokali a baki, a dai kawar da abin da zai ji masa rauni. A ci gaba da jiƙa shi a cikin mota, tagogi a buɗe.

Mutane da yawa na tsoron zuba ruwan sanyi a jiki mai zafi, wai zai kama jijiyoyi ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Su kansu likitoci sun taɓa yin irin wannan ɗari-ɗarin, suna ganin ruwan ƙanƙara zai matse jijiyoyin fata ya kulle zafi a ciki. Abin da aka gani a aikace ga 'yan gudun fanfalaki da sojoji ya nuna akasin haka: waɗanda aka tsoma da wuri kusan dukkansu suna rayuwa. Inda ake da sauran saɓani shi ne tsofaffi masu ciwon zuciya. Wasu likitoci sun fi son a fesa musu ruwa ana fifita, saboda ya fi sauƙin lura da numfashi da bugun zuciya. Wasu kuma na ganin tsomawar ta fi ko a gare su, tunda ta fi sauri. Duka ɓangarorin sun yarda cewa mafi muni shi ne a zauna ana jira.

Fanka da ruwan sha

Fanka ma akwai magana a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da ita in zafin ɗaki bai kai digiri 40 ba, domin sama da haka iskar zafi take hura wa jiki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa iyakarta ƙasa da haka sosai, kusan digiri 32. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, aka wallafa a 2019, ya nuna abin da ke raba gardamar shi ne danshi: a digiri 40 mai danshi fanka ta taimaka, a digiri 47 busasshe kuwa ta ƙara wa jiki zafi. Zafin Maris da Afrilu a Sahel busasshe ne. Abin da wannan ke nufi ga mai ɗaki a Nguru ko Agadas shi ne da rana tsaka fanka ita kaɗai ba abin dogaro ba ce, sai an haɗa da jiƙa fata ko riga. Tsofaffi sun fi buƙatar wannan don zufarsu ta ragu.

Game da sha, shawarar da ake ba masu aikin ƙarfi a zafi ita ce kofi guda kowane minti 15 zuwa 20, ba tare da jiran ƙishirwa ba, kuma kada a wuce kusan lita ɗaya da rabi a awa, don ruwa zalla da yawa na iya tsinka gishirin jini. Launin fitsari shi ne ma'auni mafi araha: in ya yi ja ya ragu, jiki na bin bashi. Wanda ya yini yana zufa zai amfana da ruwan gishiri da sukari, na leda ko na haɗawa a gida: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade masa ruwa, shi likitansa zai tambaya.

Su wa ya fi kamawa

Tsofaffi ne a gaba, domin ƙishirwa ba ta cika damunsu ba ko da jikinsu ya bushe, ga kuma kawaici: tsohuwa na iya yini a ɗaki ba ta ce a kawo mata ruwa ba. Sai masu ciki, masu ciwon sukari, masu sikila waɗanda ƙarancin ruwa ke tayar musu da ciwo, da masu shan wasu magunguna. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, wasu na taɓin hankali, da wasu na mura masu sa barci duk suna rage ƙarfin jiki na jure zafi. Wannan ba dalilin daina shan magani ba ne, dalilin tuntuɓar likita ne kafin bazara ta kankama.

Jarirai na da nasu hukuncin. Wanda bai kai wata shida ba, nono kaɗai ake ba shi ko a bazara, a dai ƙara yawan shayarwa, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Kakanni kan matsa a ba shi ruwa don tausayi, amma ruwan na cika masa ciki ya rage shan nono, yana kuma iya kawo gudawa. Goyo da zane biyu da tawul a kai cikin rana, ko barin yaro a rufaffiyar mota don a shiga banki, duka haɗari ne na gaske. Mota a rana tana ɗumama cikin 'yan mintuna.

Akwai kuma batun sabo. Jiki na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya daidaita da aiki a zafi. Sabon ɗan ƙwadago, ɗalibin da ya zo hidimar ƙasa daga Jos ko Legas, ko wanda ya tashi daga jinya, sun fi tsohon hannu shiga haɗari a kwanakin farko.

Azumi da Hajji

Azumin 2024 ya faɗo daga 11 ga Maris zuwa farkon Afrilu, daidai da zafin da ya yi ɓarna a Mali. Tunda watan na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, yana ta ja baya zuwa hunturu, amma ramuwa da azumin nafila na iya faɗowa a kowane lokaci na shekara.

Malamai ba su saɓa ba a kan wanda ya ji tsoron halaka: a mazhabar Malikiyya wajibi ne ma ya sha ruwa, ya rama daga baya. Inda ake tattaunawa shi ne mai aikin ƙarfi da bai kai wannan matakin ba. Fatawar da ta fi yaɗuwa ita ce ya kwana da niyya ya tashi da azuminsa, in wahala ta kai inda ba zai iya ba sai ya karya ya rama. Ta fuskar lafiya, abin lura shi ne mai bugun zafi ba ya iya yanke wa kansa hukunci, tunda hankalin ne ya taɓu. Nauyin na kan waɗanda ke kusa da shi. Masu gini da dama kan mayar da aikinsu bayan asuba ko dare a watan azumi, wanda ya fi kowace dabara rage haɗarin.

A Hajjin 2024, hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da tanti mai sanyi ko motar jigila, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana. Saudiyya ta ɗora laifin a kan 'yan damfarar da suka kai su, masu suka kuma suka ce tsadar kujera ce ke tura talaka bin ɓarauniyar hanya. Ga maniyyaci daga Najeriya ko Nijar, wanda galibi dattijo ne, lema, gorar ruwa da jinkirta jifa zuwa lokacin da rana ta yi sanyi suna cikin abin da malaman bita ke nanatawa.

Ɗaki, wuta da lokacin aiki

Masu binciken ƙungiyar masana yanayi ta World Weather Attribution sun kammala cewa zafin Afrilun 2024 a Mali da Burkina Faso ya ƙaru da kusan digiri 1.5 da rana, da digiri 2 da dare, saboda ɗumamar yanayi da ɗan Adam ya jawo. Na daren ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin da dare ne jiki ke hucewa. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin yana tara zafi da rana ya riƙa sakinsa har tsakar dare, abin da ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro bai cika yi ba. Kwana a tsakar gida ko ƙofar gida shi ne tsohon maganin wannan, amma sauro da rashin tsaro sun kore shi a wurare da yawa. Wutar lantarki kuma takan yi ƙaranci daidai lokacin da aka fi buƙatarta, farashin ƙanƙara ya tashi.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Saudiyya na hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa, ya fito da tsari a 2013 wanda ya haɗa gargaɗin gaggawa, horar da ma'aikatan asibiti, wuraren shan ruwa, daga baya kuma da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Masu goyon bayan irin wannan a nan na cewa ba ya cin kuɗi sosai. Masu shakka kuma na nuna cewa dokar hana aiki tana kama kamfani ne mai rajista, alhali ɗan ga-ruwa, ɗan acaba da mai tallan rake ba su da wanda zai biya su awannin da suka zauna a inuwa. A ganin masu shakkar, abin da zai fi tasiri shi ne rumfuna da famfunan ruwa a kasuwanni da tashoshin mota, da shugabannin ƙungiyoyinsu da suka san alamun ruɗewa kuma suka san inda za a samo ruwa da tamfol cikin minti biyar.